Shekara 42 a Bakin Fili: Nazarin Aikin Koci Karen Shelton a Jami'ar Karolina ta Arewa

A watan Nuwamba na 2022, a garin Storrs da ke jihar Konetikat ta Amurka, 'yan matan Jami'ar Karolina ta Arewa suka kara da na Jami'ar Northwestern a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon gora ta jami'o'in ƙasar. Karolina ce ke gaba da ci ɗaya har saura kimanin minti biyu a tashi, sai Northwestern ta farke. Ba a cika minti ɗaya da farkewar ba tauraruwar Karolina, Erin Matson, ta jefa ƙwallo a raga, aka tashi 2 da 1. Matar da ke tsaye a bakin fili tana ba su umarni, Karen Shelton, ta cika shekara 65 a cikin wannan watan, kuma wannan shi ne kofin ƙasa na goma da ta ɗaga. A watan Disamba ta sanar da cewa ta ajiye aiki, bayan kakar wasa 42 a jami'a guda, da nasara 745, adadin da babu wani koci da ya taɓa kaiwa a tarihin wannan wasa a jami'o'in Amurka.

Wanda ya tsaya ga kofuna goma kawai zai ɗauka tafiya ce da ta miƙe sumul daga farko har ƙarshe. Ba haka abin yake ba. Shelton ta kai wasan ƙarshe sau 21, kuma an doke ta a 11 daga ciki, wato ranakun da ta koma gida hannu rabbana daga wasan ƙarshe sun fi waɗanda ta koma da kofi yawa. A ganina nan ne ainihin abin nazari yake: yadda ta riƙe aikin a shekarun da kofi ya ƙi zuwa, yadda ta sake gina ƙungiya a kan wasan da dokokinsa suka yi ta sauyawa a ƙarƙashin ƙafarta, da yadda jami'ar da ta ɗauke ta tana 'yar shekara 23 ta bar ta ta yi aikinta har ta tsufa a kansa.

Kafin a shiga labarinta, ya kamata a san irin filin da ta yi noma a ciki. Ƙwallon gora, ko hoki, wasa ne na mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare, ana buga ƙaramar ƙwallo mai tauri da sanda mai lanƙwasasshen baki, kuma gefen sandar mai faɗi kaɗai doka ta yarda ya taɓa ƙwallo. Ba a ƙirga ci sai an buga daga cikin da'irar da ke gaban raga, shi ya sa bugun kusurwa na hukunci yake da matuƙar daraja, har koci ke ɓata sa'o'i yana tsara wa zai turo, wa zai tare, wa zai buga. A Indiya da Pakistan da Holan maza sun yi fice a wasan, amma a Amurka kusan na mata ne zalla, tun lokacin da wata Baturiyar Ingila, Constance Applebee, ta yaɗa shi a kwalejojin mata daga 1901. Cibiyarsa ita ce gabashin ƙasar, musamman jihar Pensilbaniya da kewayen birnin Filadelfiya. Jihohin kudu, inda Karolina ta Arewa take, ba gidan wannan wasa ba ne.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya bambanta kocin jami'a da kocin kulob. 'Yan wasansa ɗalibai ne, a zamanin Shelton galibi kaka huɗu doka ta ba kowace ɗaliba ta buga, sannan ta karɓi digirinta ta tafi. Ba a sayen 'yar wasa a riƙe ta shekara goma. Duk ƙungiyar da koci ya gina, ya san ranar da za ta watse tun ranar da ya haɗa ta. Kakar kanta gajeriya ce, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, wasa ashirin da 'yan kai, kuma gasar ƙasa ta sili-ɗaya-ƙwale ce, wanda aka doke sau ɗaya ya kama hanyar gida. Shekara 42 a irin wannan tsari na nufin Shelton ta ga ƙungiyarta ta sabunta ɗungurungum fiye da sau goma.

An haife ta a 1957, ta tashi a Pensilbaniya, ta yi karatu a kwalejin West Chester, wadda a shekarun 1970 babu kamarta a wannan wasa. A can ta ci kofin ƙasa sau uku, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar 'yar wasan ƙasa sau uku a jere. Tana cikin tawagar Amurka da ta cancanci zuwa gasar Olamfik ta Mosko a 1980, amma gwamnatin ƙasarta ta ƙaurace wa gasar, tafiyar ta rushe. Bayan ta ɗan taɓa aikin mataimakiyar koci a kwalejin Franklin & Marshall, sai Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Chapel Hill ta ba ta ragamar ƙungiyarta a 1981.

Lokacin da ta zo ya dace da wani babban sauyi. A 1972 aka kafa dokar nan ta tarayya da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnati, kuma sannu a hankali dokar ta tilasta wa jami'o'i su ware wa wasannin mata kuɗi da filaye da gurabun karatu kyauta. A shekarar 1981 ɗin kuma hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta fara shirya gasar ƙasa ta ƙwallon gora ta mata. Saboda haka aikin Shelton da gasar da ta yi suna a cikinta shekararsu ɗaya, tare suka girma.

Shekaru ukun farko ta yi su ne da hula biyu a ka, domin ba ta daina buga wa ƙasarta wasa ba. A gasar Olamfik ta Los Anjeles ta 1984 tawagar matan Amurka da ta Ostireliya suka gama da maki iri ɗaya da yawan ƙwallaye iri ɗaya, aka raba gardama da bugun fenariti, Amurka ta yi nasara 10 da 5 ta karɓi lambar tagulla. Wannan ba ƙaramin jari ba ne ga matashiyar koci da ke zuwa gidajen mutane a Pensilbaniya da New Jersey tana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su yi karatu a kudu mai nisa. Tana magana ne da su a matsayin 'yar gida wadda ta fito daga makarantun da 'ya'yansu ke ciki, kuma wadda suka gani da idonsu sanye da rigar ƙasa. Wannan hanya da ta buɗe tsakanin Pensilbaniya da Chapel Hill ba ta toshe ba har ƙarshen aikinta, domin Erin Matson, wadda ta ci mata ƙwallon ƙarshe, 'yar garin Chadds Ford ce a wannan jihar.

A rukunin jami'o'in gaɓar Atilantika, wanda ake kira ACC, nasara ta zo da wuri. Ta ci kofin rukunin a 1983, ta kuma riƙe shi shekara tara a jere har 1991. Kofin ƙasa ne ya yi wuya, saboda a wancan zamani akwai wata katanga a gabanta, wato Jami'ar Old Dominion ta jihar Bajiniya a ƙarƙashin koci Beth Anders, wadda ta tara kofin ƙasa tara a nata zamanin. A 1987 Karolina ta kai wasan ƙarshe a karon farko, Jami'ar Maryland ta doke ta. Sai a 1989, a kakarta ta tara, Shelton ta ɗaga kofin, bayan an kai ruwa rana da Old Dominion har ƙarin lokaci na uku, aka tashi 2 da 1.

Abin da ya biyo baya shi ne jarrabawarta ta farko. Ta koma wasan ƙarshe a 1990 da 1991, Old Dominion ta rama sau biyu. Ta sake komawa a 1993, Maryland ta tare ta. A 1994 kuma Jami'ar James Madison ta ɗauke kofin a bugun fenariti. Wasan ƙarshe huɗu ke nan cikin shekara biyar, duka babu kofi. Ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya tsaya gaban 'yan mata masu shekara goma sha tara da ashirin, waɗanda suka ga kofi a kan tebur suka wuce shi, ya ce musu a dawo atisaye. Amma daga cikin wannan ɗacin ne ƙungiyar 1995 ta fito, ta buga wasa 24 ta ci 24, ta lallasa Maryland 5 da 1 a wasan ƙarshe. A 1996 ta doke Princeton, a 1997 ta doke Old Dominion, kofi uku a jere. Tauraruwar wannan zamani ita ce Cindy Werley, wadda aka zaɓa gwarzuwar 'yar wasan ƙasa sau biyu.

Daga 1998 zuwa 2006 kofin ƙasa bai leƙo Chapel Hill ba, kaka tara cur. Sau ɗaya ta kai wasan ƙarshe, a 2000, Old Dominion ta sake tare hanya. Abin da ya ƙara wa ciwon zafi shi ne maƙwabta ne ke ɗaga kofin: Jami'ar Wake Forest, a cikin jiha guda, ta ci uku a jere daga 2002 zuwa 2004, Maryland kuma ta ci 2005 da 2006. Ko kofin rukuni sau ɗaya ta ɗauka a wannan tsakanin. A irin wannan yanayi ne ake fara raɗe-raɗin cewa zamanin koci ya wuce, kuma a manyan wasannin jami'o'in Amurka masu kawo kuɗi an sallami mutane a kan abin da bai kai haka ba.

Gaskiyar magana ita ce wasan da kansa ya sauya. Hokin da Shelton ta koya tana yarinya na filin ciyawa ne, inda ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama, ƙarfin duka da juriya su ne jari. Tun daga gasar Olamfik ta Montreal ta 1976 manyan wasanni suka koma kan shimfiɗar ciyawar roba, wadda ake jiƙa ta da ruwa kafin wasa, ƙwallo na gudu a kanta kamar an ja ta da zare. A shekarun 1990 aka soke dokar satar gida, fili ya buɗe, aka kuma ba da damar sauya 'yan wasa a kai a kai ba tare da tsayar da wasa ba. A 2009 aka yarda wanda aka yi wa laifi ya ci gaba da ƙwallo da kansa ba sai ya miƙa wa wani ba, wasa ya ƙara sauri. Daga baya aka raba lokacin wasa gida huɗu, minti 15 kowanne, maimakon rabi biyu na minti 35. Ga kuma 'yan wasan Holan da Jamus da Ingila da suka fara cika ƙungiyoyin jami'o'in Amurka da irin tasu ƙwarewar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya isa ya mayar da tsohon gwani ɗan koyo. Shaidar cewa Shelton ta yarda ta sake zama ɗaliba tana cikin jerin shekarun da ta ci kofi: ta ci a shekarun 1980, ta ci a shekarun 1990, ta ci a shekarun 2000, ta ci a shekarun 2010, ta kuma ci a shekarun 2020, ƙarƙashin dokoki mabambanta da 'yan wasan da tarbiyyarsu ta bambanta.

A 2007 ta dawo da ƙarfinta. Ƙungiyar da Rachel Dawson ke jagoranta a fili ta buga 24 ta ci 24, ta doke Penn State 3 da nema a wasan ƙarshe. Na 2009 ya fi tsayawa a rai, domin Maryland ce ake ganin za ta ɗauka, amma Danielle Forword ta ci ƙwallon nasara saura daƙiƙa goma sha ɗaya da 'yan kai a tashi, aka ƙare 3 da 2.

Daga nan aka shiga zangon da nake ganin ya fi kowanne bayyana ko wace ce wannan mata. A 2010 Maryland ta doke ta a wasan ƙarshe a ƙarin lokaci. A 2011 suka sake haɗuwa, Karolina na gaba da ci biyu har wasa ya kusa ƙarewa, Maryland ta farke duka biyun, ta kuma ci na uku a ƙarin lokaci. A 2012 Princeton ce, 3 da 2. A 2015 Syracuse ce, 4 da 2. A 2016 Delaware ce, 3 da 2. Wasan ƙarshe biyar cikin shekara bakwai, duka aka rasa, kuma ukun ƙarshe jami'o'i ne da ba su taɓa ɗaga wannan kofi ba sai a kanta. A 2017 ma a wasan kusa da na ƙarshe Jami'ar Konetikat ta fitar da ita a bugun raba gardama. A lokacin tana da shekara 60, tana da kofi shida, babu wanda zai zarge ta da ta ce ya isa haka.

Akwai hanya biyu ta karanta waɗannan shekaru. Mai son kushe zai ce koci ce da ke kai ƙungiya bakin gaɓa ta kasa tsallakar da ita. Ni kuwa ina ganin akasin haka, domin a gasar sili-ɗaya-ƙwale ƙwallo guda da ta bugi ƙarfen raga ta dawo ta isa ta raba mutum da kofi, amma babu wata sa'a da za ta kai ƙungiya wasan ƙarshe sau biyar cikin shekara bakwai alhali 'yan wasanta na sauyawa kowace shekara. Kaiwa wasan ƙarshe aikin tsari ne, na zaɓen ɗalibai, da atisaye, da ladabi, da riƙe mataimaka nagari. Hukumomin jami'ar sun karanta lamarin ta wannan fuska ta biyu, kuma hujjar da ta fi ƙarfi ita ce abin da suka yi a daidai wannan lokaci: sun gina sabon filin wasa, suka buɗe shi a 2018, suka raɗa masa suna Filin Karen Shelton tana nan a kan aiki, bayan shekara takwas ba ta kawo musu kofin ƙasa ba. Ba kasafai ake yi wa koci wannan karamci yana kan kujerarsa ba, balle mace.

A shekarar da aka buɗe filin ne Erin Matson ta shigo aji ɗaya, ta tarar da Ashley Hoffman a ajin ƙarshe. Hoffman kuwa 'yar Brenda Stauffer ce, wadda suka karɓi lambar tagulla tare da Shelton a 1984, wato koci ta kai matsayin da take horar da 'ya'yan ƙawayenta na fili. Ƙungiyar 2018 ta buga 23 ta ci 23, ta doke Maryland 2 da nema. Ta 2019 ma ta buga 23 ta ci 23, ta yi wa Princeton 6 da 1. Sun jera nasara 47 ba faɗuwa kafin Louisville ta tsayar da su a kakar 2020. Annobar korona ta sa aka ɗage gasar ƙasa ta wannan kaka zuwa watan Mayu na 2021, aka yi wasan ƙarshe a filin da ke ɗauke da sunanta, Matson ta ci ƙwallon da ta kayar da Michigan 4 da 3 a ƙarin lokaci. Kofi uku a jere karo na biyu ke nan, shekara ashirin da uku bayan na farko, kuma da shi ta kamo Beth Anders a kofi tara. A 2021 Northwestern ta fitar da su tun zagayen farko, a 2022 suka dawo suka buga 21 suka ci 21, suka rama a kan Northwestern ɗin a Storrs.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba ita kaɗai ta yi wannan aiki ba. Jami'ar Karolina ta Arewa babbar makaranta ce mai suna a ilimi da wasanni, wadda ɗalibai ke sha'awar shiga ko da babu hoki, kuma ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matanta ta fi kowace tara kofuna a ƙasar, saboda haka wasan mata yana da daraja a harabar. Kofuna huɗun ƙarshe kuma ba a raba su da Matson, 'yar wasan da samun irinta sai an daɗe. Amma jami'o'i masu kuɗi da suna suna da yawa, kuma 'yar wasa irin Matson tana da zaɓin zuwa duk inda ta so. Ta zaɓi Chapel Hill ne saboda abin da aka shekara talatin da bakwai ana ginawa kafin zuwanta. Wani abin da ya taimaka wa zamanta wuri guda shi ne gidanta ma a nan yake, domin mijinta, Willie Scroggs, tsohon kocin wasan lakuros (wanda ake bugawa da sanda mai 'yar raga a baki) na maza ne a wannan jami'ar, wanda shi ma ya ci kofin ƙasa uku.

Saura batun magaji, wanda a nan ne dogon zamani kan kife da mutane da yawa, a wasa ko a wajensa. Da Shelton ta sauka, Matson ba ta daɗe da buga wasanta na ƙarshe ba, ta kammala digiri a watan Disamba. Ta nemi kujerar, ta shiga tantancewa tare da sauran masu nema, kuma a ƙarshen Janairu na 2023 daraktan wasanni na jami'ar, Bubba Cunningham, ya sanar da naɗinta tana da shekara 22. Mutane da yawa sun ga kasada a ciki, tunda za ta riƙa ba da umarni ga waɗanda watanni biyu da suka wuce suke zaune tare a ɗakin sauya kaya. Sai dai jami'ar ta taɓa yin irin wannan kasada a 1981 da 'yar shekara 23, ta kuma ga abin da ta haifar.

A watan Nuwamba na 2023 aka sake haɗuwa da Northwestern a wasan ƙarshe, wannan karon a Filin Karen Shelton. Aka tashi 1 da 1, aka yi ƙarin lokaci sau biyu babu ci, aka tafi bugun raba gardama, Ryleigh Heck ta jefa ta ƙarshe a raga. Kofin ƙasa na goma sha ɗaya ke nan ga jami'ar, kuma na farko da aka ɗaga ba Shelton ce koci ba. Yawancin 'yan matan da suka ɗaga shi Shelton ce ta ɗauko su, kocin da ta jagorance su kuma shekararta 23.